Ƙwayar Gero a Cikin Kumbo

A shagon Lawali mai gyaran tele, nan Mokoyo,
muka fara ganinta:
mai share daɓen kumbo a babban shirin,
ko suna ba su ba ta ba.
Da aka yanka mata nata shirin
Barmu ya ce, "Reshen nan sai ya fi uwar itace."
Muka yi ta dariya har shayi ya huce.

Kashi na uku ta ɓoye ƙwaya guda cikin safa.
Labari ya yi gaba, ya bar ta nan.
Aka ci duniyoyi biyu da yaƙi, aka sauya kyaftin,
na yi aure,
Gulbi ya kawo ruwa sau shida.
Barmu dai kullum: "Ku jira safar nan."

Bara ya tafi Agadas. Daga can shiru.

Daren jiya, a duniyar da ba ta san damina ba,
ta tuɓe takalmi, ta tona rami da yatsa.
Lawali ya rage sauti, ba wanda ya sa shi.
Na juya in ce, "Ashe da gaskiyarka."
Benci na gani,
da kofi ɗaya a kife.