Santsi Ba Ya Riƙo

Ranar Talata, tun hazo bai bar kogin Piracicaba ba,
motar mahauta ta sauke mini bokiti guda:
haƙoran shanu sittin, cikin ruwan sanyi.
Ni ce Valdirene. Ni ke wanke su, in guntule musu kai,
in rarake saiwar har ta koma 'yar rijiya.

Turken da za a kafa ciki bai kai tsinken ashana ba.
Zaren gilashi ne dubbai, an ɗaure su da ƙaro,
fari fat, sumul kamar wanda aka lashe.
Kyan nan nasa shi ne aibinsa:
siminti ya zo kamawa, ya rasa inda zai sa farce.

Dakta Hideko ba ta da yawan magana.
Ta ce, waɗannan goge su kawai, bar su da santsinsu.
Waɗancan tsoma su a ruwan kumfa, ki duba agogo,
minti ɗaya, kada ki tafi shan gahawa.
Ruwan ya lashe ƙaron sama, zaren ya leƙo waje
kamar saiwar rake bayan ruwa ya ci kunya.
Saura na kai su gaban bututun yashi.
Sannan silan, ɗigo ɗaya a bakin buroshi,
ɗan tsakani mai wari,
hannu ɗaya ga gilashi, ɗaya ga siminti,
tunda su biyun ba sa jin yaren juna.

Na kafa, na haska shuɗiyar fitila, na jira kwana.
Na yanka kowace saiwa fala-fala kamar kwabo.
Na'ura ta sa ɗan yatsanta na ƙarfe tana dannawa,
a hankali, a hankali, ba fushi,
har sai an ji ƙas!
Wannan ƙas ɗin shi nake rubutawa a littafi.
Albashina ke nan: sauraron lokacin da abu ya saki.

Masu santsi ba su yi gardama ba, suka fice.
Masu ɗan kaushi suka turje, sai da na'ura ta yi nishi.
Amma uku da hannuna ya daɗe a kansu da yashi,
na sa su ƙarƙashin madubi, na ga ɓarna:
zare a kakkarye kamar gonar da aka ƙone.
Garin neman riƙo na cinye musu ƙarfi.

Ban gaya wa Dakta abin da ke aljihuna ba.

Babana, Otacílio, shekara arba'in yana saran rake.
Tafinsa ya yi kanta, adda ba ta taɓa kuɓuce masa ba,
kafaɗarsa kuwa ta gama, ko riga sai an sa masa.
Bara aka dasa masa haƙorin gaba a kan turke irin wannan.
Ranar da aka yi wa jikarsa baftisma
ya gatsi mazarƙwaila, haƙori ya bi ta.
Ya naɗe shi a hankici, bai ce uffan ba.
Tun ranar, in zai yi dariya sai ya kai hannu baki.

Da kowa ya watse na kwance hankicin,
na ɗora turkensa inda nake ɗora na shanu.
Tas yake. Ko ɗigon siminti bai biyo shi ba.
Ba wanda ya ba shi minti ɗayan nan.

Jumma'a zan kawo shi, motar ƙarfe shida.
Zai zauna a kujerar ɗalibai, hularsa a gwiwa.
Ni zan riƙe agogon.
Kuma na sayi mazarƙwaila, tana cikin jaka.