Gado na Shida, Gdansk

Ƙarfe uku na dare, ɗaki ya yi tsit,
sai munsharin Ludwik a gadon bakin taga
da ruwan da ake ƙara mini,
ɗis, ɗis, kamar rufi mai yoyo.

A gefen gadona sun maƙala wani ɗan allo
mai haske, bai fi tafin hannu biyu ba.
Dare da rana tambayarsa ɗaya:
Ka ga wani abu da ya dame ka?

Na gani.
Da yamma Jagoda ta shigo da tiren magani,
idanunta jajur, tun asuba take a tsaye.
Ta ajiye mini ƙwaya shuɗiya.
Tawa fara ce, kwana tara ina haɗiyar ta.
Shuɗiyar ta Ludwik ce, mai tsinka jini.
Shi Wronski, ni Wronka,
wutsiyar suna kawai ta raba mu.
Na ce, 'yata, duba kofin nan.
Ta duba, ta dafe ƙirji, ta sauya,
ta yi godiya ƙasa-ƙasa, ta fice.

To, ai magana ta ƙare, in ji zuciyata.
Ba a mutu ba, ba a suma ba.
Yarinya da 'ya'ya biyu da kuɗin haya,
kai ne za ka zuba mata ƙasa a abinci?

Amma shekara talatin da ɗaya
na yi ina tuƙa injin ɗaga kaya a tashar jiragen ruwa.
Wata Talata na ga igiyar ƙarfe ta fara zarewa,
sili biyu, ko uku.
Na ce akwai masu dubawa,
kada a ce Bogumil ya zama ɗan kai ƙara.
Ranar Juma'a ta tsinke a kan Alojzy.
Har yau in mun haɗu a bakin kasuwar kifi,
yana dogara sanda,
shi yake fara gaishe ni.

Na jawo allon.
Yatsa ɗaya nake da shi mai jin magana,
sauran sanyin teku ya lanƙwasa su.
Na rubuta, na goge.
Na rubuta zafi-zafi, na sake gogewa.
A ƙarshe ga abin da ya rage:
Sunaye biyu masu kama a ɗaki ɗaya.
Kofuna iri ɗaya, rubutu ƙanana.
Ma'aikaciya ɗaya, gadaje goma sha huɗu.
Sunanta ban sa ba,
allon ma bai tambaya ba.
Na danna. Ya ce, an karɓa.
Shi ke nan? Ko tari bai yi ba.

Barci bai zo ba sai da gari ya fara haske.

Da hantsi wata mata daga ɗakin magani
ta zo da jan tambari,
ta manna a hannuna, ta manna a na Ludwik,
ta zauna ta tambaye ni yadda aka yi,
tana rubutu, ba ta katse ni ba.
Batun gadaje goma sha huɗu
ta ce an miƙa shi sama.
Na san sama, na yi aiki a ƙarƙashinta.

Da yamma Jagoda ta dawo.
Ba ta kalle ni ba da farko.
Ta karanta sunana da ƙarfi, har wutsiya,
ta miƙo fara.
Wajen fita ta gyara mini bargo a ƙafa,
ko da yake bai zame ba.

Ludwik ya farka yana murza hannu,
ya ce, wannan jan abu kuma na mene ne?
Na ce, ado ne, maƙwabci.
Sha maganinka.