Tauraro Ɗaya

Daga Riyad zuwa Jidda ka turo shi, Abu Mish'al,
faifan garmaho da ya girme ni,
a naɗe cikin jarida falle ɗaya
kamar ƙosan safe.

Na ɗaga shi a fitila:
tsaga tun daga baki har cibiya.
Inna Tabawa ta riga ta goge garmaho,
ta haɗa shayi, ta zauna.

Muka ɗora allura duk da haka.
Mawaƙin ya buɗe baki, ya yi tuntuɓe,
ya koma, ya sake tuntuɓe
a kan kalma guda.

Yanzu waya na tambayata taurari nawa.
Ɗaya na danna,
shi ma na ɗan aike ne
da ya hawo hawa huɗu da rana tsaka.