Abin da Aka Ce da Fim Ɗina

Jaridar ta iso Tawa a motar Yamai ran Laraba,
ta sha rana, gefenta ya naɗe.
A tsaye na karanta, bakin tasha.

Mushe Assumana ya ba mu rabin shafi.
Ya ce "Kuɗin Albasa" miya ce ba gishiri,
soyayyar mai awon albasa da malamar lakwal
ba ta kai a zauna mata minti tamanin ba.
Ya ce janareto ya fi jarumin murya.
Nan kam ya yi gaskiya.
Ya ce ƙarshen ya zo a guje kamar wanda ake bi bashi.
Ana bin mu, mushe. Jika ɗari huɗu.

A rediyo wata ta bugo daga Ƙonni:
"Mun yi dariya, to sai me? Ina darasin?"
Wani ya ce wa za ta so Sahabi
da waɗannan kunnuwa kamar faifai?
Sahabi na gefena yana ji.
Ya shafa kunnen, ya ci gaba da ɓarar gyaɗa.

Ni Gwamma, da na sayar da keken ɗinkina
na yi hayar kamara kwana sha ɗaya,
na kwana ina wasa amsa a zuci.
Da safe duk ta dakushe.

Ba su zo Gidan Matasa daren Asabar ba,
da wuta ta ɗauke sau biyu,
mutane suka ƙi tashi, suna haska bango da salula.
Ba su ga layi na uku ba:
babana, hula a gwiwa,
wanda tun rasuwar Inna, damina uku,
ba a ga haƙorinsa ba.
Wurin da Sahabi ya je gaida surukai
buhu ya yage, albasa ta watsu tsakar gida,
yana bin ta da rarrafe yana "Ina wuni, ina wuni,"
tsohon ya tuntsire
har tari ya sarƙe shi, aka miƙo ruwan leda.

A hanya bai ce uffan ba.
Sai a ƙofar gida: "Yaron nan sakarai ne.
Haka na yi a gidan su uwarki,
sai dai ni akuya ce ta kuɓuce mini."

Na yanke shafin Mushe Assumana na adana.
Zancen janareto zan gyara.
Kunnuwan Sahabi kuwa,
fim na gaba ma da su za a yi.