Littafin Barmo Tela

A aljihun keken ɗinkin kakana
na tsinci littafi, gara ta ci gefensa.
Sunaye ne da ajami, kowa da abin da ya kawo:
Mati mahauci, sisi.
Jatau mai facin taya, sisi.
Ladidi mai ƙosai ta Rafindadi
ba ta da sisi, ta zuba man fitila.

A shagon Ƙofar Guga suke haɗuwa
bayan lisha, ƙofa a rufe,
kakana na taka keke ba zare
don kada ɗan doka ya ji ana lissafin haraji,
ana tambayar wa ya noma, wa ya ci.

Katin jam'iyya a kalmasar riga yake ɗinke shi.
Ranar kasuwar Caranci
riguna su tafi, magana ta bi su.

Da damina aka kama Jatau.
Wata shida. Ya fito ba haƙoran gaba,
ya zo ya biya bashin watannin,
ga sisinsa shida nan a jere.

Shafin ƙarshe sunan kakata ne, Tabawa.
Ba kuɗi a gabansa, sai layi ɗaya:
ita ta ɓoye littafin a tukunyar daddawa.

Na kai hancina.
Yana nan.