Kunnen Otar

A Kutaisi, bayan rumfar masu cuku,
ruwa na dukan kwanon garejin Otar.
Mzia ta kawo motar marigayi mijinta,
kilomita dubu ɗari huɗu da ɗoriya,
hularsa na nan a kujerar baya.

"Ƙas-ƙas take yi,
kamar agogo ya faɗa cikin inji."
"Da sanyi, ko in ta ɗau zafi?"
"Da safe. Kafin gadar Rioni ta yi shiru."

Ya zaro sandar baƙin mai,
ya murza a yatsa, ya shinshina.
Ya kafa tsinin sukundireba kan murfin bawul,
ƙotar a kunne, ido rufe,
kamar mai satar jin maƙwabta ta bango.
Bawul na hira, ba faɗa suke ba.
Ya gangara ƙasa,
inda in aka ji bugu mai nauyi
sai a fara lissafin sabon inji.
Nan ma lafiya lau.

Sai ga tabo, baƙi kamar kwalli,
a wuyan bututun salansa:
noti ɗaya ya karye, hayaƙi na tsartuwa.
"Ƙarfe in ya ji wuta sai ya kumbura ya toshe kafar.
Lari arba'in. Jibi."

Ta juya makulli a tafin hannu.
"Da wannan ƙarar nake sanin ya fita aiki.
Bar ta sai bazara."

Ya sauke bonet a hankali.
"To, ki riƙa buɗe gilashi."