Buhu Tara a Kakuri

Tun da injinan masaƙa suka yi shiru
ban ƙara tashi da kukan jiniya ba.
Abin da ke tashina yanzu, bayan sallar asuba,
buhu tara ne a bayan ɗaki,
tsofaffin buhunan siminti da na huda wa gindi
na ɗura musu ƙasar bakin kogi,
kowanne da ɗan tumatir a tsaye
kamar mu a layin albashi, ƙarshen wata.

Na je kasuwa neman takin zamani.
Mai shago ya faɗi kuɗin mudu,
na yi dariya, shi ma ya taya ni,
na dawo hannu na dukan cinya.

Barmani ce, tana fere doya, ko ɗago kai ba ta yi ba:
"Malam, wannan da muke zubarwa a bola fa?"

Daga ranar fasasshen bokiti ya samu aiki.
Ɓawon doya, ɓawon ayaba, rigar albasa,
kan kuɓewa, karan alayyafo da wuƙa ta ƙi,
da ɗan tokar murhu, cikin tafi ɗaya.
In yayyanka, in binne a rami, in rufe,
in jira.
Jiran nan ne ba a koya mana a masaƙa ba.
Can zare na shiga, yadi na fita.
Nan sai ɓawo ya manta sunansa,
ya yi baƙi, ya yi laushi,
ya soma ƙanshin ƙasa ranar ruwan fari,
tana ta zo ta yi gida a cikinsa.

Tanimu mai shayi na bakin titi
yana tara mini ɓawon ƙwai a leda
da ganyen shayin da ya gama ba da launi.
"Baba, kaji kake kiwo?"
Na ce tumatir.
Ya dube ni irin duban wanda jiran fansho ya taɓa wa kai.
Ban kula ba. Na shanya, na daka a turmi
har ya koma gari, na barbaɗa.
Rifkatu kuma, ta kan katanga,
ruwan wankin shinkafa take miƙowa a roba,
wani lokaci har da labarin ɗanta da ke Zariya.

Sau ɗaya na yi wauta.
Ragowar miyar jiya, da manjanta da gishirinta,
na juye wa na tsakiya, don shi na fi so.
Da dare ɓeraye suka yi biki,
kwana uku ya sunkuyar da kai, bai ƙara ɗagowa ba.
Barmani ba ta ce komai ba.
Shirunta ya fi faɗa ciwo.

Saura takwas.
Na kafa musu kara, na ɗaure su da tsumman atamfa,
ƙullin masaƙa, wanda yatsuna ba su manta ba.
Fure ya fito rawaya, ƙanana,
sai 'ya'ya kore, ina ƙirga su da sanda
kamar wani zai zo binciken kaya.
Ƙadangare ya ci biyu. Na yafe, shi ma ɗan haya ne.

A buhun da na kashe kuwa, wata safiya,
ga gwanda ta tsiro, ba wanda ya shuka ta.
A cikin ɓawo ta shigo, ba sallama.
Na bar ta.

Ranar Laraba na tsinki jajaye goma sha ɗaya.
Huɗu suka tsallake katanga.
Huɗu Barmani ta karɓe kafin in yi magana.
Uku na kai wa Tanimu a cikin hula.
Ya juya ɗaya a hannu, ya shinshina,
ya yanka shi a kan ƙwai biyu,
mai ya yi ƙara a kasko.
Ya turo mini farantin, ya ce yau ba kuɗi,
sannan ya sunkuya, ya tsince ɓawon,
ya jefa a ledata.